Yadda Mai Gida Zai Bi da Sauyin Gas a Na'urar Sanyaya Ɗaki

Duk wanda ya shiga kasuwa neman na'urar sanyaya ɗaki a 'yan shekarun nan, wato abin da aka fi sani da esi, zai lura ana rubuta R-32 da manyan baƙaƙe a jikin kwalayen sababbin na'urori, wani lokaci har da ɗan hoton harshen wuta a gefe, alhali tsohuwar da ke maƙale a bangon gidansa R-22 ce ko R-410A. Waɗannan lambobi sunaye ne na gas ɗin da ke zagayawa a cikin bututun na'urar, wanda shi ne ke kwashe zafin ɗaki ya fitar da shi waje. Sauyin yana tafiya ne bisa jadawalin wata yarjejeniya ta ƙasashen duniya wadda Najeriya da Nijar duk suna cikinta, saboda haka zai iso kowane gida ko mai gidan ya shirya ko bai shirya ba. Abin da ke hannun mai gida shi ne ya san gas ɗin da na'urarsa ke aiki da shi, ya san wanda zai saya nan gaba, ya kuma san iyakar abin da zai yarda mai gyara ya yi masa.

Inda maganar ta samo asali

R-22 yana ɗauke da sinadarin kulorin, wanda idan ya tashi sama yakan cinye shimfiɗar ozon da ke tare wa duniya mugun hasken rana. Wannan ne ya sa yarjejeniyar Montreal ta 1987, da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya, suka yanke hukuncin a daina shi. Jadawalin ƙasashe masu tasowa ya ce a rage kashi 67.5 cikin ɗari na irin wannan gas zuwa 2025, a kai kashi 97.5 zuwa 2030, ɗan abin da ya saura kuma a bar shi domin gyaran tsofaffin na'urori har zuwa 2040.

R-410A ne ya gaje shi, kuma ba shi da kulorin ko kaɗan, sai dai an gudu ne ba a tsira ba. Kilo ɗaya nasa idan ya tsere cikin iska yana ɗumama duniya kwatankwacin kilo 2,088 na hayaƙin kabon a tsawon shekara ɗari, abin da ya ma zarce na R-22 ɗin, wanda nasa ma'aunin 1,810 ne. A watan Oktoban 2016 aka zauna a Kigali, babban birnin Ruwanda, aka yi wa yarjejeniyar ƙari domin ta haɗa da wannan rukuni na gas. Najeriya ta rattaba amincewarta a 2018. Ƙasashen Afirka suna cikin rukunin da ya daina ƙara yawan abin da yake amfani da shi daga 2024, zai rage kashi 10 a 2029, ya ci gaba mataki-mataki har ya rage kashi 80 a 2045.

Magadan da ke kasuwa yanzu uku ne. R-32, wanda kamfanin Daikin ya fara sakawa a na'urorin gida a Japan a 2012, ma'auninsa 675 ne, kuma shi ne ya fi yawa a sababbin na'urorin da ake shigowa da su daga Asiya. R-290, wato tataccen furofen, nasa bai wuce 3 ba. R-454B mai ma'auni 466 ya fi yaɗuwa a Amurka, inda doka ta hana ƙera sababbin na'urorin gida masu gas da ya haura 700 tun daga farkon 2025. Kowane allazi da nasa amanu: dukkan ukun suna iya kama wuta, abin da tsofaffin biyu ba sa yi a yanayi na yau da kullum, kuma yawancin ƙa'idojin da za su biyo baya daga nan suka fito.

A fara da karanta takardar jikin na'ura

A gefen injin da ke waje akwai takarda ko ɗan farantin ƙarfe da kamfani ya manna. A nan aka rubuta sunan gas, nauyinsa da giram ko kilo, da iyakar matsin da na'urar za ta iya ɗauka. Ya kamata mai gida ya ɗauki hoton wannan takarda da wayarsa ya adana, domin rana da ƙura kan goge rubutun, kuma ranar da rubutun ya ɓace mai gyara zai koma yin aiki da zato. Ƙa'ida ta farko, wadda sauran duk suka rataya a kanta, ita ce gas ɗin da aka rubuta a takardar shi kaɗai ne zai shiga wannan na'ura.

Idan tsohuwar na'urar R-22 ce

A ganina babu hikima a cire na'urar da ke sanyi lafiya don kawai gas ɗinta tsohon yayi ne. Gas ɗin da ke kulle a cikin bututu ba ya cutar da ozon. Wanda ya fita ne ke ɓarna, kuma cire na'ura da garaje shi ne hanya mafi sauri ta fitar da shi. A bar ta ta yi aikinta, a riƙa wanke ta, a toshe duk wata kafa da ta buɗe.

Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne mai gyara ya ce zai juya ta zuwa sabon gas. Matsin R-410A da na R-32 ya ninka na R-22 fiye da sau ɗaya da rabi, kuma ba a ƙera kwamfiresa, wato injin da ke matsa gas ɗin ya zagaya, da bututun tsohuwar na'ura domin ɗaukar wannan nauyi ba. Ban da haka, man da ke cikin kwamfiresar R-22 na ma'adini ne, wanda ba ya gaurayuwa da sababbin gas ɗin, don haka sai ya maƙale a cikin bututu ya ƙi komawa inda ake buƙatarsa, kwamfiresa ta yi ta juyawa a bushe har ta ƙone. Haka nan na'urar R-410A ba a zuba mata R-32 zalla, ko da yake rabin R-410A ɗin R-32 ne, domin kayan lantarkinta ba a tsara su da lissafin gas mai kama wuta ba, kuma R-32 yakan fita daga kwamfiresa da zafi fiye da abin da aka auna mata.

Lokacin rabuwa da tsohuwar na'ura shi ne ranar da kwamfiresarta ta ƙone, ko yoyo ya addabi lanƙwasassun bututun da ke cikinta har walda ta daina riƙewa. A wannan gaɓa kuɗin gyara ya kusa kai wani kaso mai tsoka na kuɗin sabuwa, ga shi kuma R-22 zai ci gaba da ƙaranci da tsada yayin da 2030 ke matsowa.

Gas ba ya ƙarewa

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce aka fi yin kuskure a kanta. An saba jin mai gyara ya duba na'ura ya ce, "Alhaji, gas ne ya ƙare, sai an ƙara," kamar dai man mota ne ko gas ɗin girki. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta cin gas. A rufaffen da'ira yake zagayawa, ya zama ruwa a injin waje, ya koma iska a injin ciki, ya sake dawowa, kuma in babu kafa zai yi shekara goma bai ragu ba. Idan ya ragu, to akwai inda yake fita. Wanda ke ƙara gas duk bazara ba tare da an nemo wurin yoyon ba, ruwa yake zubawa a kwando, kuma kowane kilo na R-410A da ya biya ya tsere daidai yake da sakin sama da tan biyu na hayaƙin kabon.

Kafin ma a ɗora laifi a kan gas, akwai abubuwan da ya kamata a duba, domin su ne suka fi hana sanyi a ƙasashenmu. Ragar tace ƙura da ke injin ciki takan toshe bayan hunturu, haka ma siraran faranta na injin waje, kuma wankewa kaɗai kan dawo da sanyi. Raunin kafasita, wato ɗan kayan lantarkin da ke taimaka wa kwamfiresa tashi, da ƙarancin ƙarfin wuta su ma kan hana kwamfiresa tashi, fanka ta yi ta kaɗa iska mai ɗumi. Sai an kawar da waɗannan ne za a koma kan gas.

Alamomin yoyo ba su da wuyar ganewa. Siririn bututun da ke fita daga injin waje yakan yi ƙanƙara, kuma a wurin da gas ke fita akan ga danshin mai da ƙura ta manne masa, domin gas ɗin yakan fito tare da ɗan man kwamfiresa. Wuraren da aka fi samun matsala su ne mahaɗar bututu inda aka ɗaure da noti, bakin bawul ɗin da ake saka ma'auni, da duk inda bututu ke gogar bango ko ƙarfe saboda girgiza. Ruwan sabulu mai kumfa yana tona babban yoyo, ƙarami kuwa sai da na'urar shinshino gas, ko a kwashe gas ɗin a cika bututun da iskar naitirojin a ga ko allurar ma'auni za ta sauka. Kada a taɓa barin wani ya yi wannan gwaji da oksijin ɗin masu walda. Oksijin da man kwamfiresa idan suka haɗu a ƙarƙashin matsi fashewa suke yi.

Bayan an toshe kafar, sai a zuƙe iskar cikin bututun, sannan a zuba gas a kan sikeli daidai nauyin da takardar ta faɗa. Taɓa bututu da hannu a ce ya isa ba awo ba ne, kuma a na'ura mai inbata, wadda gudun kwamfiresarta ke hawa da sauka, kallon allurar ma'auni kaɗai ma yana yaudara. R-410A kuma a ruwansa ake zuba shi, domin gauraye ne na gas biyu.

Zaɓen sabuwa

Ga yawancin gidaje a yau, na'ura mai R-32 da inbata ita ce zaɓin da ya fi dacewa. Gas ɗin da take ɗauka bai kai na takwararta mai R-410A yawa ba, ga shi gas ne guda ba gauraye ba, abin da ke sauƙaƙa gyara da sake amfani da shi. Inbata kuma tana tashi a hankali ba tare da fizgar wuta ba, wanda duk mai dogaro da janareta ko sola ya san darajarsa. Sabuwar na'ura mai R-410A ba haramtacciya ba ce, kuma za a daɗe ana samun gas ɗinta, amma wanda ya saye ta yau ya sani cewa rabin rayuwarta zai faɗo ne a shekarun da ake tsuke shigo da irin wannan gas.

A duba ajin yanayin da aka gwada na'urar a kansa. Mai alamar T1 an auna ƙarfinta ne a zafin waje na digiri 35, mai T3 kuwa a digiri 46. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin na'urar da ba a yi ta don irin wannan zafi ba takan gaza a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. A kuma daidaita girmanta da ɗakin: abin da 'yan kasuwa ke kira doki ɗaya yana ba da sanyi kimanin 9,000 a ma'aunin ƙarfin sanyi da ake kira BTU, ɗaya da rabi 12,000, biyu kuma 18,000.

R-290 shi ne ya fi kowanne sauƙi ga muhalli, kuma yana aiki da kyau a ƙasashe masu zafi. Kamfanin Godrej na Indiya ya fara sayar da irin wannan na'ura tun 2012. Amma ba zan ba da shawarar a saye ta ba sai an tabbatar akwai mai gyaran da ya samu horo a kanta a garin da ake zaune, kuma faɗin ɗakin ya kai abin da littafin na'urar ya gindaya.

Sai batun na hannu. Yayin da ƙasashe masu arziki ke cire tsofaffin na'urorinsu, da yawa daga cikinsu kasuwannin Afirka suke nufa, kuma wannan ne ya sa Ghana ta haramta shigo da tsofaffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki. Araha ba ta ado: tsohuwar R-22 da aka saya da rahusa za ta karɓi cikon kuɗinta a wajen wuta da gas.

Ranar da za a ɗaura ta

Yawancin yoyon da ke bayyana bayan shekara ɗaya ko biyu a ranar ɗaurawa aka shuka shi, saboda haka yana da kyau mai gida ya tsaya a kan aikin. Bututun jan ƙarfe ya zama sabo, mai kaurin da bai gaza milimita 0.8 ba, domin siririn bututu mai araha yakan tsage a baki lokacin da ake buɗa shi don ɗaure noti. Kada a yi amfani da bututun da aka cire daga tsohuwar R-22, domin ragowar tsohon mai na cikinsa.

Bayan an haɗa bututu, wajibi ne a jona famfon zuƙe iska ya yi aiki aƙalla minti goma sha biyar, ko har ma'aunin ragowar iskar da ke cikin bututu ya nuna maikuron 500, sannan a kashe shi a jira a ga ko allura za ta motsa, kafin a buɗe bawul. Masu gyara da yawa suna tsallake wannan mataki, sai su ɗan saki gas ɗin na'urar ya yi tsaki na 'yan daƙiƙu wai ya kori iska. Wannan al'ada ta zamanin R-22 ce, kuma ko a wancan lokacin ba daidai ba ce. Man da ke cikin sababbin na'urori yana shan danshi ƙwarai, danshin kuma yakan rikiɗe ya zama asid da ke cin kwamfiresa daga ciki. Mai gyaran da ya zo ɗaura R-32 babu famfon zuƙe iska a jakarsa, gara a ba shi haƙuri a nemi wani. Gas ɗin da kamfani ya zuba yakan wadatar da bututu mai tsawon kimanin mita biyar. Idan an wuce abin da littafin ya ƙayyade, a ciki an rubuta giram nawa za a ƙara a kan kowace mita.

Injin waje a sa shi inda iska ke wucewa, nesa da janareta, murhu da tukunyar gas ɗin girki.

Gaskiyar batun kama wuta

Bai kamata hoton harshen wutan nan ya firgita kowa ba, amma bai kamata a raina shi ba. R-32 ba ya kamawa sai ya kai kimanin kashi 14 cikin ɗari na iskar wurin, kuma sai da harshen wuta sosai, in ya kama ma a hankali yake ci. R-290 kuwa kimanin kashi 2 ya ishe shi, kuma ƙaramin tartsatsi na iya tayar da shi. Dukkansu sun fi iska nauyi, don haka ƙasa suke kwantawa, kuma ba su da warin da zai faɗakar da mutum kamar gas ɗin girki, wanda da gangan ake saka masa wari. Idan aka ji ƙarar fitar gas a ɗaki, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da yara, kada a kunna ashana ko a taɓa makunnin wutar ɗakin, a kashe wutar daga waje.

Hatsarin ya fi yawa a kan mai gyara. Ba a kusantar da wutar walda ga bututu sai an kwashe gas ɗin gaba ɗaya an kuma busa naitirojin a ciki, domin ban da gobara, R-32 da ya ƙone yana fitar da hayaƙi mai guba da ke ƙona huhu. Ofishin kula da ozon da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a Najeriya, tare da ƙungiyar masu sana'ar firji da esi da ake kira NARAP, suna shirya wa masu gyara horo kan irin waɗannan gas, don haka ba rashin kunya ba ne mai gida ya tambayi wanda ya kira ko ya taɓa aiki da R-32, da kuma irin kayan aikin da yake da su.

Akwai wata muguwar dabara da ta kamata a ambata da sunanta, wato ɗura gas ɗin girki a na'ura da hujjar cewa ai R-290 ma furofen ne. Gas ɗin girki gauraye ne na butan da furofen, da danshi da dattin da ba a tace ba, kuma na'urar da aka ɗura masa ba ta da kariyar tartsatsi, ga shi wanda zai gyara ta nan gaba bai san abin da ke ciki ba. Jabun gas ma haka: a 2011 wasu kwantenoni masu sanyi sun fashe a Biyetnam da Barazil har aka rasa rayuka, bincike ya nuna gurɓataccen gas aka zuba musu. A da ana gane R-22 da koriyar tukunya, R-410A da ruwan hoda, amma fenti ba shaida ba ne. A karanta rubutun jikin tukunyar, a kuma sayi gas a wurin dilan da aka sani.

Tashi daga gida, ko sallamar tsohuwa

Mai haya da zai tashi ba ya buƙatar asarar gas ɗinsa. Mai gyara zai kunna na'urar a kan sanyi, ya rufe bawul ɗin siririn bututu da alanki, ya jira kwamfiresa ta janye gas ɗin zuwa injin waje, sannan ya rufe na babban bututu ya kashe nan take, kafin ya kwance noti. Aikin 'yan mintoci ne, amma dole kwamfiresa ta tsaya kafin a kwance bututu, domin idan ta zuƙi iska tana gudu tana iya fashewa. A toshe bakin bututun da na bawul kada ƙura ta shiga a hanya.

Haka za a yi wa wadda ta tsufa kafin a miƙa wa 'yan gwangwan, waɗanda jan ƙarfe da alminiyon kawai suke nema, kuma da zarto suke fara gaisawa da bututu. Idan kwamfiresa ta riga ta mutu ba za a iya tara gas ɗin ta wannan hanya ba, sai a nemi mai injin kwashe gas ya juye shi a tukunyar da aka tanada domin haka. R-22 da aka kwashe da tsabta yana da masu nema, domin da shi za a ci gaba da gyara sauran tsofaffin na'urorin unguwa a shekarun da sabon zai yi wuyar samu.